Kula da direban fulash ba tare da ka jefa na'urorin da ke daji cikin matsala ba

Akwatin da ke tada famfon sola a lambun albasa na Galmi, da mitar ruwa a bakin rijiyar burtsatse wajen Abalak, da ƴar na'urar da ke rubuta sanyin firjin alluran rigakafi a asibitin ƙauye, duka irin waɗannan suna ɗauke da wani ɗan kod da ba kowa ke waiwayarsa ba. Aikinsa ya ajiye bayani cikin fulash, wato ma'ajiyar da ba ta mance bayani ko an kashe wuta, ya kuma karanto shi yadda aka ajiye. Shi ne direban fulash. Sau da yawa wanda ya rubuta shi ya daɗe da komawa Yamai, sai kai da ka gaje shi a nan Tawa aka ce ka ƙara wani abu, ko ka gano abin da ke sa na'ura mance saitinta duk bayan ƴan makonni.

Abubuwa biyu za su faru da na'urar nan, ko ba jima ko ba daɗe. Wuta za ta ɗauke tana tsakiyar rubutu. Sannan wata rana guntun fulash ɗin da aka saba sawa zai ɓace a kasuwa, a kawo wani. Duk layin da za ka canza a cikin direba, ka auna shi da waɗannan biyun, kana tune da cewa na'urar da ta rikice a Tchintabaraden ba a gyara ta daga kan teburinka, sai wani ya hau mota ya je.

Kafin ka taɓa komai

Ka fara da ajiye abin da ke aiki a yau. Ka sa kod ɗin cikin Git, manhajar da ke ajiye tarihin canjin kod, ka yi masa alama, ka rubuta sigar kwamfaila, wato manhajar fassara kod da aka gina shi da ita. Ka samo na'ura ɗaya da ta yi aiki a daji, ba sabuwa daga kwali ba, ka kwashe duk abin da ke cikin fulash ɗinta zuwa fayil. Wannan fayil ɗin shi ne shaidarka: duk sigar direba da za ka fitar nan gaba dole ta iya karanta shi. Ka yi hattara a kan maikurokwantirola, wato ƴar kwamfutar da ke tafiyar da na'urar, irin STM32: idan an kunna kariyar hana karatu, cire ta yana share fulash ɗin ciki gaba ɗaya, kuma a jinsunan da ke da mataki na 2 na kariyar, wanda ya shiga ba ya fita.

Daga nan ka tambayi guntun ko shi wane ne, kada ka tsaya ga rubutun da ke bayansa. A fulash na waje mai hanyar SPI, wato wayoyin da yake magana da maikurokwantirola ta kansu, umarnin 0x9F yana dawo da bayit uku. Na farko lambar kamfani ce: 0xEF na Winbond, 0xC2 na Macronix, 0xC8 na GigaDevice. Guntun Winbond W25Q32 yana amsawa da EF 40 16, W25Q64 da EF 40 17. Ka sauko da takardar bayanan wannan guntun daidai, har da haruffan ƙarshen sunansa. Idan fulash na cikin maikurokwantirola ne, ka haɗa da takardar kurakuran da kamfanin ya fitar, domin a nan ake rubuta abin da guntun ke yi saɓanin alkawarin babbar takarda.

Halin fulash

Mafi yawan kurakuran da na gani a direbobi daga wuri ɗaya suke: wani ya ɗauki fulash kamar RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ake sake rubutu a kanta kai tsaye. Fulash kamar allon makaranta yake, tawada na ƙaruwa a kansa amma ba ta raguwa sai an wanke allon duka. Gogewa tana mayar da kowane bit 1, shi ya sa wurin da aka goge ke karantuwa 0xFF. Rubutu kuwa 1 kaɗai yake iya mayarwa 0. Idan wuri yana ɗauke da 0x0F ka rubuta 0xF0 a kansa ba tare da gogewa ba, 0x00 za ka samu, kuma fulash na SPI ba zai yi maka ƙorafi ba.

Girman abin da ake gogewa da na abin da ake rubutawa ba ɗaya ba ne. A jinsin W25Q ana rubutu shafi-shafi, bayit 256, amma mafi ƙanƙantar gogewa sekta ce ta bayit 4096. Ga tarkon da ke nan: idan ka fara rubutu a bayit na 250 na shafi ka aika bayit 20, shida ne za su zauna inda kake zato, sauran 14 za su zagayo farkon wannan shafin su hau kan abin da ke wurin. Dole direba ya riƙa yanka rubutu a bakin kowane shafi. Ka duba naka yanzu ko yana yi.

Fulash na ciki kowane jinsi da tasa dokar. STM32F103 yana rubuta bit 16 a lokaci guda, shafinsa kilobayit 1 ko 2 gwargwadon girman guntun. STM32F4 yana da sektoci na kilobayit 16, 64 da 128 a cikin guntu ɗaya. STM32L4 da G0 suna rubuta bit 64 tare da lambar gyaran kuskure ta ECC, saboda haka dabarar nan ta komawa wuri ɗaya a sauke bit ɗaya-ɗaya, wadda ke tafiya lafiya a W25Q, a nan ba ta yiwuwa.

Raba kod ɗin gida uku

Idan ka tarar da umarnin SPI da lissafin litar ruwa cikin fayil ɗaya, wannan ne gyaranka na farko, kuma ka yi shi ba tare da canza halin na'urar ba. A ƙasa, ɓangaren da ke magana da guntu, ayyuka uku kawai: karanta, rubuta, goge. A tsakiya, ɓangaren da ya san yadda ake jera bayanai, ina sabo, ina tsoho, wanne ya lalace. A sama, manhajar famfo ko mita, wadda bai kamata ta san ko da adireshi ɗaya na fulash ba. Girman shafi, girman sekta, lambobin umarni da tsawon jira, duka su zauna cikin jadawali ɗaya da lambar guntu ke zaɓa. Ranar da ka ga 4096 a warwatse wurare goma cikin kod, ka san canjin guntu zai zo maka da ciwon kai.

Idan a fulash na ciki kake ajiya, ka keɓe shafukan bayanai cikin fayil ɗin linka, wanda ke tsara inda manhaja za ta zauna a fulash. In ba haka ba, manhaja za ta yi ta girma har ta shiga shafin saiti, gogewa ta gaba ta cinye wani yanki na manhajar kanta.

Jira

Kowane rubutu da kowace gogewa a fulash na SPI sai an fara aika 0x06, kuma izinin yana faɗuwa da kansa da zarar aikin ya ƙare. Bayan 0x06 ka karanta rajistar hali da 0x05 ka tabbatar bit na 1 ya tashi. Bayan umarnin aiki ka jira bit na 0 ya sauka. Wannan jiran ne nake fara dubawa a duk direban da ya zo hannuna, domin galibi madauki ne marar wa'adi: waya ɗaya ta saki saboda jijjigar hanya, layin ya riƙa karantuwa 0xFF, na'ura ta tsaya jiran abin da ba zai zo ba.

Wa'adin ka ɗauko shi daga lamba mafi girma ta takarda, ba matsakaiciya ba. A W25Q128JV gogewar sekta kan ɗauki kusan milisakan 45, amma takarda ta yarda ta kai 400. Gogewar guntu duka tana iya kai daƙiƙa 200. A STM32F4 gogewar sekta mai kilobayit 128 tana iya wuce daƙiƙa 1, kuma duk tsawon wannan lokacin manhajar da ke gudana daga fulash ɗin tana tsaye. Idan agogon gadi, mai sake tada na'ura in ta maƙale, bai kai haka haƙuri ba, zai tada na'urar daga farko ana cikin gogewa. A maikurokwantirolar ESP32 kuma, duk katsewa, wato kiran gaggawa da ke dakatar da manhaja, da dole a amsa ta lokacin aikin fulash sai an sa kod ɗinta cikin IRAM, wato RAM na ciki da kod ke gudana daga cikinsa.

Akwai kuma maganar ƙidayar lokaci. Mai ƙirga milisakan na bit 32 yana cika ya koma sifili bayan kwana 49 da ɗoriya. Ka riƙa ɗebe lokacin farawa daga lokacin yanzu ka gwada da wa'adi, kada ka tara wa'adin a kan lokacin farawa. Na'urar teburi ba ta kai kwana 49 a kunne, ta bakin rijiya kuwa tana kaiwa.

Sannan ka tuna maikurokwantirola na iya sake tashi alhali fulash na waje bai rasa wuta ba. Yana iya kasancewa yana cikin gogewa, ko yana barcin da 0xB9 ya sa shi. Saboda haka a farkon tashi ka aika 0xAB ka farkar da shi, ka jira ya gama abin da yake yi, sannan ka aika 0x66 da 0x99 a guntun da ya san su, kafin ka tambayi lambarsa.

Lokacin da wuta ta ɗauke

A nan ne aikin yake, kuma a nan nake so ka ba da mafi yawan lokacinka. Mai lambu zai kira ka da asuba: "Malam, famfon nan ya mance lokacinsa, tun jiya bai ba da ruwa ba." Ka buɗe abin da ka kwaso daga fulash ɗin. Bayit goma sha biyu na farko lafiya lau, saitin jiya ne. Daga nan sai FF FF FF har ƙarshen sekta. Abin da ya faru a fili yake: direba ya goge sektar, ya fara mayar da saiti, batir ya faɗi. Tsohon saiti ya tafi, sabon bai iso ba.

Dokar farko ke nan: kada ka goge kwafi ɗaya tilo da kake da shi. Saiti ya zauna a sektoci biyu. Kowane kwafi ya ɗauki lambar sigar tsari, da lambar jeri mai ƙaruwa, da tsawon bayanin, da CRC na bit 32 a ƙarshe, wato lambar da ake lissafawa daga bayanin don gane ko ya lalace. In za ka canza saiti, ka goge sektar da ke da kwafin da ya fi tsufa cikin biyun, ka rubuta sabo da lambar jeri ta gaba, ka karanto shi daga guntu ka gwada. Idan na'ura ta tashi, ta karanta duka biyun, ta yar da wanda CRC ɗinsa bai yi daidai ba, ta ɗauki mai lamba mafi girma cikin waɗanda suka rage. Ko a ina wuta ta yanke, kwafi ɗaya mai kyau yana nan. Idan duka biyun suka lalace, na'ura ta koma saitin asali marar haɗari, kuma ta nuna alama, ko da fitila ce mai ƙiftawa, don mai ita ya san an yi wani abu.

Gogewar da aka katse ta fi rubutun da aka katse sharri. Sekta na iya karantuwa 0xFF gaba ɗaya alhali wasu ƙwayoyinta ba su gama goguwa ba. Yau su ba ka 1, gobe da zafi ya tashi su ba ka 0. Don haka ganin 0xFF ba hujja ba ce ta cewa wuri ya gogu. Bayan kowace gogewa ta kammala, ka rubuta ƴar alama a kan sektar. Duk sektar da na'ura ta tashi ta tarar babu alama, a sake goge ta kafin a rubuta komai.

A STM32L4 da G0 akwai ƙarin abu. Rubutun da aka katse kan bar ECC da bai dace da bayanin ba, kuma karanta irin wannan wuri yana jawo katsewar NMI, irin wadda ba a iya toshe ta. Idan mai amsa NMI ɗinka madauki ne marar fita, kamar yadda yake zuwa a kod ɗin misali, na'urar za ta maƙale duk lokacin da ta tashi ta leƙa wurin. Ka sa shi ya gane kuskuren ECC na yankin bayanai, ya share tutar, ya sanar da direba cewa wannan kwafin ya mutu.

Rigakafi kuma yana da nasa wuri. W25Q masu harafin JV suna aiki tsakanin bolt 2.7 da 3.6, alhali maikurokwantirola da yawa suna ci gaba da gudu a ƙasa da haka, suna ba da umarni ga fulash da ya riga ya galabaita. Ka kunna mai gano faɗuwar wuta, ka sa iyakarsa inda fulash ke da lafiya. A ATmega328P matakan su ne bolt 1.8, 2.7 da 4.3. Kafin kowace gogewa ka auna batir, in ya yi ƙasa ka ɗage. A na'urar sola, ni na fi son a tara manyan gogewa da hantsi zuwa azahar, lokacin da faifan ke caji, a bar asuba da batir ya kwana yana aiki.

Idan fayiloli kake bukata, tsarin fayiloli na littlefs an gina shi ne da ɗaukewar wuta a zuciya, kuma yana rarraba gogewa. FatFs yana da amfani inda za a cire kati a sa a kwamfuta, amma tsarin FAT ba ya kare ka idan wuta ta yanke ana sabunta jadawalinsa. Sai dai ko littlefs a kan ayyukan nan uku naka yake tsaye. In rubuta ɗinka yana cewa ya gama alhali bai gama ba, babu tsarin da zai cece ka.

Lissafin tsufa, da zafinmu

Ka ɗauki biro ka yi wannan lissafin. W25Q yana alkawarin gogewa 100,000 a kowace sekta, fulash na cikin STM32F103 kuwa 10,000. Na'urar da ke goge sekta ɗaya duk minti tana yin 1,440 a yini. Ta waje za ta cinye alkawarinta cikin kusan kwana 69, ta ciki cikin mako ɗaya. Amma in kowane bayani bayit 32 ne kuma kana jera su ɗaya bayan ɗaya, sekta ɗaya tana ɗaukar kusan 128 kafin ta bukaci gogewa. Ka zagaya cikin sektoci 16, lissafin ya haura shekara 300. Guntu ɗaya ne, tsarin rubutu ne ya bambanta. Kuma kada ka rubuta abin da bai canza ba: ka gwada da wanda ke ajiye tukuna.

Shekara 20 da takarda ke cewa bayani zai zauna, ba alkawari ba ne ga kowane hali. Cajin da ke riƙe bit yana zurarewa da sauri idan zafi ya yi yawa, kuma ƙwayar da ta sha gogewa ta fi saurin sakinsa. A watan Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce digiri 40 a Tawa, balle cikin akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana. Saboda haka ka riƙa gwada CRC a duk karatu, ba lokacin tashi kaɗai ba, ka ajiye ƙidayar gogewar kowace sekta, kuma ka roƙi masu kafa akwatin su yi masa rumfa.

Gwaji

Da yake ka raba kod gida uku, za ka iya gudanar da ɓangaren tsakiya a kan kwamfutarka da fulash na kwaikwayo. Ka sa na kwaikwayon ya yi tsanani: rubutu ya sauke bit kawai, ya zagaya a bakin shafi, ya ƙirga gogewa. Sannan ka ba shi ikon mutuwa bayan aiki na farko, sai na biyu, sai na uku, har ka bi kowane wuri da wuta za ta iya yankewa, yana barin shara a wurin da aka katse. Bayan kowace mutuwa ka tada kod ɗin ka tambaya: tsohon bayani ya dawo ko sabo? Amsa ta uku kuskure ce. Fayil ɗin nan da ka kwaso daga tsohuwar na'ura shi ma ya shiga cikin gwajin.

Kwaikwayo ba ya nuna yadda wuta ke gangarowa a hankali, don haka sai an haɗa da gwajin gaske. Allon Arduino ɗaya, rile ɗaya, wato makunnin da Arduinon ke sarrafawa, a kan wayar wuta, yana yankewa a lokuta marasa tsari yayin da na'urar ke rubutu ba ƙaƙƙautawa, kwamfuta kuma tana ajiye abin da ta faɗa duk tashi. Ka bar shi ya kwana yana ƙas-ƙas a kan teburi. Wayar wuta za ka yanke, ba maɓallin sake tashi ba. Ka kula da cewa wayar USB ko ta siriyal na iya ciyar da allon a ɓoye, gwajin ya zama na banza. Wani zagayen ka yi shi da tsohon batir, na'urar tana cikin akwatinta a rana.

Ranar da guntu ya canza

Ƙarancin guntaye na 2021 ya sa da yawa sun koma GD32 da makamantansa a madadin STM32, ƙafafu iri ɗaya amma lokutan fulash ba lallai su zo ɗaya ba. Haka fulash na SPI. Umarnin karatu da rubutu kusan ɗaya ne, bambancin yana cikin rajistoci: bit ɗin kunna layi huɗu yana rajista ta biyu a Winbond, a Macronix kuwa shi ne bit na 6 na rajista ta farko. Bit ɗin kulle yankuna su ma sun bambanta, kuma guntun da ke kulle yana watsi da rubutu shiru. Da zarar girma ya wuce megabayit 16, adireshin bayit uku ba ya isa. Guntaye da yawa suna bayyana girmansu da umarninsu ta jadawalin SFDP da ake karantawa da 0x5A, ƙa'idar JESD216 ta 2011, kuma yana taimakawa. Duk da haka, idan direba ya ga lambar da ba ta cikin jadawalinsa, ya ƙi rubutu, ya nuna kuskure. Sabon guntu ya shiga jadawali ne kawai bayan ya kwana a kan rile.

Idan tsarin bayanin ne za ka canza, ka ƙara lambar siga, sabon kod ya iya karanta tsoho, ya rubuta sabon tsari a ɗaya sektar, tsohon kwafi ya zauna har sai sabon ya tabbata. Ka yi tunanin komawa baya ma: in aka mayar da tsohuwar manhaja, me za ta yi da sigar da ba ta sani ba? Kuma wajen ɗora manhaja ka duba kada na'urar ɗorawa ta goge guntu duka ta tafi da saitin mutane. Idan manhajar tashi, wadda ke fara gudu kafin babbar manhaja, tana da nata kwafin direban, duk gyaran da ka yi a nan sai ka duba can.

Kada ka saki sabuwar siga ga dukan na'urori rana ɗaya. Ka fara da biyu ko uku da ke cikin gari, inda kabu-kabu zai kai ka, su yi makonni suna aiki, ka kwaso ƙidayar gogewa da ta kurakuran CRC ka duba. Sannan na Keita da Madawa, sannan na nesa. A cikin murfin kowane akwati ka manna takarda mai sigar manhaja, da lambar guntun fulash, da ranar ɗorawa, kuma mai tafiya ya riƙe tsohuwar sigar a jakarsa tare da wayar ɗorawa.